Tambayi Malamin Turanci: “P” da “F”, “Borrow Me”, da Sauran Wuraren da Muke Tuntuɓe

Assalamu alaikum, masu karatu. Tambayoyin wannan wata sun taru da yawa, galibinsu daga 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO, sai malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa. Waɗanda suka zo iri ɗaya na haɗe su na amsa sau guda. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a ajiye.

TAMBAYA: Baba Malam, ina aji shida na sakandare. Makarantarmu ta tura ni muhawara Kaduna, da na ce “people” sai yaran wata makaranta suka kwashe da dariya, wai “fiful” na ce. Tun ranar nan ba na son buɗe baki da Turanci a gaban mutane. Shin harshen Bahaushe ne ba zai iya ba?
Daga wani ɗalibi, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Ɗana, harshenka lafiyarsa ƙalau. Wasiƙarka ta sosa mini rai, domin na ga yara masu ƙoƙari da dama waɗanda irin wannan dariya ta rufe wa baki har suka bar makaranta. Ba na so ka zama ɗaya daga cikinsu.

Ga inda gizo ke saƙar. Sautin da muke rubutawa da “f” a Hausa daban yake da na Bature. Namu da leɓɓa biyu ake yin sa, a kusanto da su a hura iska, haƙori ba ya shiga. Shi ya sa a bakin wani yake fitowa kusa da “p”, a bakin wani kusa da “f”, mu kuwa nan Katsina mukan maida shi “hw” ko “h”, mu ce “hwara” da “hwaɗi” da “tahi”. Duk yadda ka furta shi Bahaushe ya gane ka, don babu wasu kalmomi biyu a Hausa da bambancin “p” da “f” kaɗai ya raba su. Kunnenka bai taɓa bukatar rarrabe su ba, saboda haka bai koya ba. Dubi kalmomin da muka aro tun zamanin Turawa: fetur, fasinja, firamare, famfo, fakiti. Dukansu da “p” suka fara a gidansu. A Turanci kuwa sautukan nan biyu suna juya magana ɗungurungum. “Pull” ja ne, “full” cika. “Depend” dogara, “defend” karewa. “Pool” tafki, “fool” wawa.

Maganin kuma yana hannunka tun kana Islamiyya. Ka tuna yadda malamin tajwidi ya koya maka mafitar fa'un: cikin leɓen ƙasa ya taɓa bakin haƙoran gaba na sama. To wannan ita ce “f” ta Turanci, ba ragi ba ƙari. Duk wanda ya iya furta fa'un ɗin Suratul Falaƙi da kyau ya riga ya iya faɗin “father”. Ita kuwa “p” 'yar'uwar “b” ce. Ka rufe leɓɓa ruf, ka tara iska, ka sake ta lokaci guda. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka ka ce “pen”. In takardar ta zabura, ka samu. Ka kuma tsaya gaban madubi: in ka ga haƙoranka a kan leɓe, “f” kake yi, in leɓɓa sun haɗe, “p” ce. Ita “v”, wadda muka maida “b” a direba da talabijin da biza, wurinta ɗaya da “f”, sai dai maƙogwaro na kaɗawa yayin furta ta. Da ita za ka raba “vote” da “boat”, zaɓe da jirgin ruwa.

Tunda muna kan tajwidi, bari in ƙara maka da “th”. Mu mukan ce “sink” a maimakon “think”, mu ce “zis” a maimakon “this”. 'Yan'uwanmu na kudu kuma “tink” da “dis” suke cewa, kowa da inda harshen uwarsa ke jan sa. Amma kai kana da abin da yawancin masu yi maka dariya ba su da shi: sa'un mai ɗigo uku ita ce “th” ta “think”, zalun kuma ita ce ta “this”. Kan harshe ya leƙo ya taɓa haƙoran sama, shi ke nan.

Kuma ka tuna a wane gari kake. A nan aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta zarce Zariya ta zama Barewa, gininta na asali kuma shi ne gidan tarihi a yau. A cikinta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka koyi Turancinsu. Shi Tafawa Ɓalewa har laƙabi aka yi masa da mai muryar zinariya na Afirka. Nemi jawabin da ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960 ka saurara da kyau. Da Hausa ya tashi kamar kai. Ka ware minti goma kowace safiya kana karanta kalmomin nan bibbiyu, ka naɗi muryarka a waya ka saurari kanka. In an sake neman mai zuwa muhawara, ka ɗaga hannu.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da aji huɗu a firamare. Kullum yarana sai su ce “borrow me your biro”. Na gyara har na gaji, gobe su koma gidan jiya. Ina hanya?
Daga wata malama, Daura

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Yaran nan Hausa suke yi da kalmomin Turanci, kuma Hausarsu daidai take. Mu saiwa ɗaya muke amfani da ita ga mai bayarwa da mai karɓa: “ara mini” da “na ari littafi”. Bature ya raba su gida biyu. “Lend” na tafiya da “give”, abu na barin hannunka. “Borrow” na tafiya da “take”, abu na shigowa hannunka. Saboda haka ko yaro ya ce “lend me your biro”, ko ya ce “may I borrow your biro?” Haka “koya” take: “na koyi lissafi” shi ne “learn”, “koya mini” kuma “teach”.

Gyara da baki kaɗai ba ya zama a kan yaro ɗan shekara tara. Fito da yara biyu gaban allo, ɗaya da biro a hannu. Mai miƙawa ya ce “I am lending”, mai karɓa ya ce “I am borrowing”, sannan su yi musaya. A zagaya ajin haka, a kuma maimaita kwana da kwanaki. Kada ki ji nauyin yi musu bayanin da Hausa. Wasu makarantu suna cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji, ni kuwa ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Yaron da aka nuna wa daga ina kuskurensa ya taso ya fi saurin barin sa a kan wanda aka ce masa “wrong” kawai aka wuce.

Ki kuma nuna musu cewa ba kullum Turanci ke fin mu rarrabewa ba. Mu mun raba aro da rance: aro shi abin da kansa ake maidowa, rance kuwa madadinsa ake biya, kamar kuɗi ko hatsi. Bature bai raba ba, duk “borrow” ne a wurinsa.

Akwai wasu kalmomi biyu da za ki sa wa ido, “ji” da “sha”. Da “ji” ɗaya muke jin magana, mu ji wari, mu ji ɗanɗano, mu ji sanyi, mu ji Larabci. A Turanci kowanne da tasa kalmar: “hear”, “smell”, “taste”, “feel”, “understand”. Daga nan “I can hear the smell” da “I don't hear English” suka samo asali. “Sha” ma haka. Ruwa da shayi da fura “drink” ne, amma magani “take”, taba “smoke”, mangwaro da kankana “eat”. Sai “ina zuwa” da mutum ke faɗa yana ficewa daga ɗaki. Wanda ya ce wa baƙo “I am coming” ya kuma juya masa baya ya rikita shi. “I will be right back” ake cewa.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Wani likita baƙo ya tambaye ni, “Haven't you given him the injection?” Ban yi allurar ba tukuna, sai na ce “Yes”, ina nufin e, ban yi ba. Shi kuma ya rubuta cewa an yi. Allah ya taimaka muka gano da wuri. A ina aka samu saɓanin?
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Katsina

AMSA: 'Yata, na gode da kika kawo wannan, domin cikin duk tambayoyin watan nan ita ce wadda kan iya jawo asarar rai. Ina roƙon duk mai aikin asibiti, da direba, da mai aikin banki, ya karanta ta sau biyu.

In aka ce wa Bahaushe “Ba ka ci abinci ba?” ya ce “E”, maganar mai tambaya yake gaskatawa: e, haka ne, ban ci ba. Bature kuwa ba ruwansa da yadda aka juya tambayar. Abin da ya faru yake dubawa. In an yi, “yes”. In ba a yi ba, “no”. Ko an ce “Have you?” ko an ce “Haven't you?”, amsar ɗaya ce. Abin da ya kamata ki ce ranar nan shi ne “No, I haven't.” Babu “Yes, I haven't” a Turanci sam.

Shawarata, kada ki ƙara amsa irin wannan tambaya da kalma guda a wurin aiki. Cika ta: “No, I haven't given it yet”, ko “Yes, I gave it at two o'clock.” In ke ce mai tambaya kuma, ki guji mai “not” a ciki, ki ce “Have you taken your medicine?” kai tsaye.

Ƙanwar wannan matsala ita ce “Do you mind?” Ma'anarta, zai dame ka? In wani ya ce “Do you mind if I sit here?” kika ce “Yes”, kin hana shi zama ke nan. In kin yarda, “No, not at all” za ki ce.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na rubuta “I have seen the director yesterday” a takardar ofis, shugabana ya ja layi a ƙarƙashin “have seen”. Mene ne aibinta?
Daga wani ma'aikacin gwamnati, Dutsin-Ma

AMSA: Malam, shugabanka ya yi daidai. Mu “na gan shi” muke cewa, ko da “jiya” ko babu. Turanci ya raba. Muddin ka ambaci lokacin da ya riga ya shuɗe, irin su “yesterday”, “last week”, “two days ago”, ko wata shekara, to “have” ba ta da wurin zama: “I saw the director yesterday.” “Katsina State was created in 1987.” Ita “have seen” ta abin da ya faru ne ba tare da an faɗi yaushe ba, kuma tasirinsa na nan har yanzu: “I have seen the director”, wato maganar ganinsa ta kau.

Inda “have” ta wajaba kuma muke tsallake ta shi ne wurin “tun”. Muna cewa “ina zaune a Daura tun 2015”, sai mu ɗauko ta yadda take mu ce “I am living in Daura since 2015.” Daidai shi ne “I have been living in Daura since 2015.” Ka lura kuma, “since” da mafarin lokaci take tafiya, kamar shekara ko rana ko ƙarfe kaza. In tsawon lokacin za ka faɗa, “for” ce: “for ten years”. Sannan bayan “did” aikatau ba ya sake komawa baya. “Did you go?” ake cewa, ba a cewa “Did you went?”

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne, shekaruna sun haura hamsin, na shiga makarantar dare. Abin da ke ɗaure mini kai, Hausa yadda aka rubuta haka ake karantawa, amma Turanci a rubuta “knife” a ce “naif”. Me ya kawo haruffan da ba a furtawa?
Daga wani Alhaji, Babbar Kasuwar Katsina

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara basira, gemu ba ya hana ilimi. Abin da ya ɗaure maka kai yana ɗaure wa 'ya'yan Turawan kansu, su ma haddace rubutun kalmomi suke yi a makaranta.

Tushen abin tarihi ne. Turanci na da haruffa 26, amma sautukansa sun kai wajen 44, tun nan ka ga riga ta yi wa mai ita kaɗan. A 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, dubban kalmominsa suka shigo da irin rubutunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya. Shi kuwa furuci bai tsaya ba. Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka sauya kusan gaba ɗaya, wasu baƙaƙe kuma suka faɗi daga baki suka saura a takarda. A da ana furta “k” ɗin “knife” da “knee”. “Gh” ɗin “night” ma sauti ne na can cikin baki, kusa da kha'un ta Larabci. Wasu haruffan kuma masana ne suka cusa su don nuna asalin kalma daga Latin, kamar “b” ɗin “debt” da “p” ɗin “receipt”, waɗanda ba a furta su. Har “s” aka saka wa “island” bisa zaton daga Latin ta fito, alhali ba daga can take ba.

Wani abu da nake so ka lura da shi: kakanninmu da suka yi aikin soja da aikin gidan Turawa ba su ga rubutun ba, da kunne suka ɗauka, kuma sau da yawa sun fi mai karantawa daga takarda kusa da daidai. Kanar daga “colonel” yake, kuma haka Bature ke faɗa, ba “kolonel” ba. Laftanar ya bi furucin Ingila na “lieutenant”. Kabad daga “cupboard”, babu “p”. Hankici daga “handkerchief”, babu “d”. Ka bi sawunsu, duk sabuwar kalma ka fara jin ta kafin ka amince da rubutunta. Ƙamus na waya yana da alamar lasifika a gefen kowace kalma, ka danna ka saurara.

Ga waɗanda na fi jin ana kuskurewa a nan: “b” ta ƙarshe ba ta fita a “plumber”, “comb”, “climb” da “bomb”. “T” ba ta fita a “listen” da “castle”. “W” ba ta fita a “sword”, “h” ba ta fita a “honest” da “hour”. “Wednesday” gaɓa biyu ce, “Wenzde”. “Women” kuma “wimin”. Ita “ed” ta ƙarshen aikatau ba ta ƙara gaɓa sai bayan “t” ko “d”, kamar “wanted” da “needed”. A “passed” da “asked” sautin “t” kawai za ka ji.

Amma mu yi wa Turanci adalci, Alhaji. Bokonmu ma ba komai yake nunawa ba. Rubuta “gari” ka ba yaro, ba zai san na zama ba ne ko na tuwo sai ya ga sauran jimlar, domin ba mu rubuta tsawon wasali ko karin sauti. Wannan kuma ribarka ce: kunnen da ya raba garin zama da garin tuwo zai raba “ship” da “sheep”, da “live” da “leave”, in an nuna masa. Abin da ya rage shi ne inda ake danna murya a kalma. “REcord” suna ne, “reCORD” aikatau. “MAdam” da “CHALlenge” a gaɓar farko ake danna su, “sucCESS” da “comMITtee” a ta biyu. 'Yan WAEC su riƙe wannan, yana fitowa a takardar gwajin furuci.

TAMBAYA: Malam, wanne ne daidai, “colour” ko “color”? Kwamfutata tana ja wa “colour” jan layi. Sannan wani abokina ya ce yanzu “next tomorrow” ta halatta tunda ta shiga ƙamus. Gaskiya ne?
Daga wata ɗaliba, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa

AMSA: 'Yata, duka biyun daidai ne, “colour” ta Ingila, “color” ta Amurka. Ƙamus ɗin da Noah Webster ya fitar a Amurka a 1828 shi ya ƙarfafa irin su “color” da “center” a can. Mu na Ingila muka gada, littattafan makarantunmu shi suka bi, shi nake ba ki shawara ki riƙe. Abin gudu shi ne gauraya su a takarda ɗaya. Kwamfutarki a kan Turancin Amurka aka saita ta, shiga wurin zaɓen harshe ki maida ta na Birtaniya. Inda bambancin ke iya cutarwa shi ne kwanan wata. In kika ga 3/4/2025, a wurinmu 3 ga Afrilu ce, a Amurka 4 ga Maris. Wajen cike takardar biza ko neman gurbin karatu, rubuta sunan watan da haruffa.

Abokinki ya faɗi rabin gaskiya. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, cikinsu akwai “next tomorrow”, “okada”, “barbing salon”, “send-forth” da “Kannywood”. A farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu 20, har da “suya” da “japa”. Na yi murna da wannan ƙwarai. Sai dai aikin ƙamus shi ne ya rubuta abin da mutane ke faɗa, ya kuma nuna inda ake faɗarsa, kuma waɗannan da tambarin Najeriya ya shigar da su. A hira da ƙawayenki ki yi “next tomorrow” ɗinki. A jarrabawa ko wasiƙar da za ta fita waje, jibi “the day after tomorrow” ce. Ki yi hattara da “severally” musamman. Mu “sau da yawa” muke nufi da ita, a Ingila kuwa “ɗaya bayan ɗaya, kowa daban” take nufi, lauyoyi ne ma suka fi amfani da ita.

Akwai kuma inda ba na so ki ja da baya. Abin da namu ne, wanda Bature ba shi da shi, ki kira shi da sunansa: tuwo, fura, kilishi, kunu, lalle. Ba sai kin wahalar da kanki wajen neman wata doguwar fassara ba. Mutanen Italiya ba su fassara sunan abincinsu ba, duniya ce ta koya.

TAMBAYA: Malam, ana cewa “informations” da “equipments”?
Daga wani mai shagon gyaran waya, Ƙofar Marusa

AMSA: Ba a cewa, ɗana. Mu muna da bayanai da shawarwari, shi ya sa hannu ke kai wa ga “s”. A Turanci “information”, “advice”, “equipment”, “furniture” da “luggage” ba a ƙirga su, ba su ɗaukar “s”, ba su ɗaukar “a” ko “an”. In guda kake nufi, “a piece of advice”. Ma'aikaci ɗaya kuma “a member of staff” ne. Tunda allon shago za ka rubuta, ka tuna “a” da “an” sauti suke bi, ba harafi ba: “an hour”, amma “a university”.

TAMBAYA: Baba, na gama bautar ƙasa ina neman aiki. Wani ya rubuta mini wasiƙa cike da manyan kalmomi, ya ce haka ake burge masu ɗaukar aiki. Ta fara da “My names are”. In tura ta?
Daga wani matashi, Daura

AMSA: Kada ka tura ta, ɗana. Na karanta kwafin da ka haɗo, sai da na kai sakin layi na uku kafin na gane aikin da kake nema. Mai tace takardun nan ɗaruruwa ne a gabansa, ba zai yi maka wannan haƙurin ba. Ba banza ba Bahaushe ya kira maganar da ba ta da kai “dogon Turanci”. Tun ina aji nake faɗa wa ɗalibaina, kalmar da ba za ka iya bayyana ma'anarta da Hausa ba, ba taka ba ce tukuna, kada ka sa ta a takardar da za ka sa wa hannu. Ranar ganawa kai za a tambaya, wanda ya rubuta maka ba ya wurin.

Sake ta da kanka. Layin farko ya faɗi aikin da kake nema da inda ka ga sanarwarsa. Sai abin da ka karanta, a ina, wace shekara. Sai abin da ka taɓa yi da hannunka, ko da koyarwar da ka yi lokacin bautar ƙasa ce, ka faɗi aji nawa da wane darasi. Shafi ɗaya ya isa.

“My name is” ake cewa, ko sunayenka sun kai huɗu, kuma a wasiƙa ba ka ma bukatarta tunda sunanka na ƙasa. Cire “about” daga “discuss about”, cire “on” daga “emphasise on”, cire “of” daga “comprise of”. “Request for” tana nan daidai in suna ce, “a request for leave”, amma in aikatau ce sai a ce “I request leave”. Kirarin da aka jera wa shugaban ma'aikatar a farkon wasiƙar ma ka share shi, girmamawa a irin wannan takarda “Dear Sir” ko “Dear Madam” ta wadatar. In da su ka buɗe, ka rufe da “Yours faithfully”. In sunan mutumin ka ambata, “Yours sincerely”. “Y” babba, “f” ko “s” ƙarama, kuma babu ɗan waƙafin nan na sama, wato “apostrophe”, a cikin “Yours”. Ka sa hannu, sannan ka rubuta cikakken sunanka a ƙarƙashi. In ka gama, aiko mini in duba kafin ka kai.